Mai gida da 'yan haya a gini ɗaya: nazarin shekarar farko ta wata ma'aikaciyar jinya

Lamarin da za a duba a nan na wata ma'aikaciyar jinya ce da ta kusa shekara 40, wadda ta haɗa abin da ta tara daga albashinta da bashin sayen gida, ta mallaki wani tsohon bene mai sassa uku. Sashe ɗaya yana ƙasa, biyu suna sama, kowanne da ɗakin girki da banɗakinsa, amma ƙofar shiga ɗaya ce, tsakar gida ɗaya, mitar wuta ɗaya, tankin ruwa ma ɗaya. Niyyarta ita ce ta zauna a ƙasa, ta bayar da na sama haya, kuɗin hayar ya riƙa biyan bashin. Domin lissafin ya yi wa kowa amfani ko da wane irin kuɗi yake mu'amala, za a ɗauki cikakkiyar hayar sassan biyu ta wata guda a matsayin 100, a auna duk sauran kuɗaɗen da ita.

Lissafin da ta yi kafin ta saya

Babban sashen sama zai kawo 55 a wata, ƙaramin kuma 45, bashin banki yana cin 85. Da ta ɗebe wannan daga wancan sai ta ga rarar 15 kowane wata, wato 180 a shekara, ga kuma zama ba tare da ita ta biya haya ba. Ba ta yi kuskure a ɗebewa da tarawa ba. Abin da ya ɓata lissafin shi ne an gina shi a kan zaton cewa sassan biyu za su kasance da mutane wata goma sha biyu cur, kowa zai biya a ranar da aka ajiye, kuma ginin da ya daɗe da tsufa zai jira ta gama biyan bashi kafin ya nemi gyara. Harajin gida da inshora ba su shiga takardar ba sam, saboda a duk tsawon zamanta na haya wani ne yake biyan su ba tare da ta gani ba.

Sashe guda da ya zauna wata ɗaya babu kowa ya riga ya cinye sama da kashi 8 cikin 100 na hayarsa ta shekara. Ita kuwa babban sashen nata wata biyu ya yi a rufe, ana fenti ana neman wanda zai shiga, wato 110 sun tafi daga rarar 180 tun kafin a karɓi hayar farko. Haka kuma ba ta kira magini ya hau rufin ya duba ba kafin ciniki ya faɗa. Ta ga silin fari tas ta gamsu, alhali sabon fenti a silin tsohon gida dalili ne na tambayar abin da ke ƙarƙashinsa.

'Yan haya biyu

Ƙaramin sashen da mutum a ciki ta saye shi. Wani dattijo ne ɗan fansho da matarsa, sun shekara 12 a wurin, babu wata takarda tsakaninsu da tsohon mai gidan, kuma hayar da suke biya ta gaza abin da irin sashen yake kawowa a kasuwa. Bai taɓa wuce ranar biya ba. Tun ranar farko ta kira shi Baba, shi kuma ya kira ta 'yarsa, aka zauna a haka.

Na biyun ita ta zaɓe shi, kuma cikin matsi ta zaɓa. Bayan wata biyu tana cike gibin bashi daga albashinta, wata abokiyar aikinta ta kawo mata ƙanenta, matashi mai mata da ɗa ɗaya, wanda yake sana'ar kansa, samunsa yana hawa yana sauka. Ta ji nauyin tambayarsa shaidar abin da yake samu, ta kuma ji nauyin neman lambar mai gidan da ya baro, domin a ganinta yin hakan tamkar zargin yayarsa ne. Ta karɓi hayar wata guda a matsayin kuɗin ajiya na ɓarna, a ranar kuma ta biya mai fenti da su. Takardar da suka sa wa hannu shafi ɗaya ce, ba ta ƙunshi komai ba sai yawan haya da ranar biya da wa'adin shekara guda. Ba a rubuta halin da sashen yake ciki ranar shiga ba, ba a faɗi wanda zai gyara me ba, ba a ambaci wuta ko ruwa ko tsakar gida ba.

Yadda abubuwa suka cakuɗe

Matsalar farko ƙarama ce a ido. Kuɗin wuta ya tashi bayan shigowar sabon iyalin, kuma tun da mita ɗaya ce da sunanta, takardar biya ita take zuwar wa. Ta ce a raba uku daidai. Dattijon ya nuna cewa su biyu ne kawai kuma kayan wutarsu kaɗan ne, matashin ya ce ba ya wuni a gida. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu kuma wanda zai iya kawo hujja, saboda ba a auna komai ba. Domin a zauna lafiya ta riƙa cike abin da ya rage daga aljihunta, wanda ya kai 40 a shekarar.

Ta biyu ta shafi lokacinta. Tana aikin dare a wasu makonni, tana barci da rana, su kuma mutanen sama suna ganin tun da mai gida tana ƙasa, duk abin da ya taso sai a sauko a ƙwanƙwasa: famfo yana ɗiga, ƙwan fitilar matakala ya mutu, baƙo ya tare hanya da mota. Wanda yake zaune nesa da gidan hayarsa ana kiransa ne idan abu ya kai a kira, ita kuwa komai ƙanƙantarsa yana iso mata a bakin ƙofa. Ita ma ba ta tsira daga irin wannan ba, domin sau da yawa takan hau sama ta shiga duba wani gyara da zarar an buɗe mata, ba tare da ta sanar tun da wuri ba, tana ganin ai gidanta ne. Matar matashin ta ji zafin hakan ƙwarai, kuma tana da gaskiya, domin sashen da aka bayar haya ya zama muhallin wanda ya kama shi har wa'adi ya cika.

A wata na shida aka yi ruwa mai ƙarfi, rufin ya yi yoyo daidai ɗakin kwanan matashin, katifa da wasu kaya suka lalace, ɗakin ya yi makonni ba a kwana a cikinsa. Gyaran ɓangaren ya ci 150, kuma ta ɗauki lokaci kafin ta haɗa kuɗin saboda ba ta da ajiyar da ta ware domin haka. Bayansa injin da ke tura ruwa zuwa tanki ya ƙone, ya ci 60. A wata na bakwai matashin ya kawo rabin haya, ya ce: "Yaya, ki yi haƙuri, kasuwa ta tsaya, ga kuma asarar da ruwa ya yi mini." Ta karɓa ba ta rubuta komai ba. Wata na takwas da na tara bai kawo ko kaɗan ba, bashin ya kai hayar wata biyu da rabi, kusan 138.

Wannan shi ne wurin da zama a gini ɗaya ya fi yi mata nauyi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Kullum suna haɗuwa a ƙofa, suna gaisawa, yaronsa yana wasa a gaban ɗakinta, shi ya sa maganar kuɗi ta gagara fitowa daga bakinta a lokacin da take ƙarama mai sauƙin warwarewa. A lokaci guda kuma tana ganin duk abin da ya shigo da shi gida, tana auna kowace leda da bashin da take bin sa. Hausawa sun ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum, kuma abin ya tabbata ta ɓangarorin biyu: shi ya daina ɗaukar ranar biya da muhimmanci saboda mai karɓa ta zama 'yar uwa, ita kuma ta daina ganin uzurinsa saboda tana kallon rayuwarsa ta kusa fiye da yadda ya dace mai gida ya kalla. Da ta kai wa yayarsa ƙorafi a wurin aiki, sai rigimar ta samu gida na biyu.

Shawarar lauya

Akwatin da ake kunna wutar ginin da kashe ta yana cikin sashenta, kuma ta kai ga tunanin kashe ta sama har sai an biya ta. Kafin ta aikata ta je wurin lauya, kuma a ganina wannan ne kuɗi mafi amfani da ta kashe a shekarar. Ya bayyana mata cewa a ƙasashe da yawa doka ta hana mai gida yanke wuta ko ruwa, ko canza makulli, ko fitar da kayan ɗan haya ba da umarnin kotu ba, ko da bashin tabbatacce ne, kuma wanda ya yi hakan yakan koma shi ake ƙara bayan shi ne mai bin bashi. Hanyar da aka sani ita ce rubutacciyar sanarwa mai wa'adin da dokar wurin ta yanka, sannan kotu idan an ƙi.

Ya kuma gyara mata wata fahimta. Ta ɗauka cewa zamanta a ginin ya ba ta ikon sallamar mutum duk lokacin da ta so. Dokoki da yawa suna bambanta wanda ya kama ɗaki a cikin gidan mai gida, suna girki wuri ɗaya ko suna shiga banɗaki ɗaya, da wanda yake da cikakken sashe nasa. A Ingila, misali, na farkon ana iya sallamarsa da sanarwa mai wa'adin da ya dace ba tare da zuwa kotu ba. Mutanenta kuwa kowa yana da ƙofarsa da ɗakin girkinsa, don haka ya shawarce ta da ta ɗauke su a matsayin cikakkun 'yan haya, kada ta dogara da wani sassauci da ba ta tabbatar dokar wurinta ta ba ta ba.

Game da kuɗin ajiyar da ta biya mai fenti da su, ya nuna mata cewa amana ce a hannunta har ranar tashi. Wasu ƙasashe sun mayar da wannan doka mai tsauri. A Jamus kuɗin ajiya ba ya wuce hayar wata uku, kuma dole a ajiye shi dabam da dukiyar mai gida. A Ingila da Wales tun shekarar 2007 aka wajabta sanya na mafi yawan gidajen haya a wani tsarin kariya da gwamnati ta amince da shi. Ko a inda doka ba ta faɗi haka ba, hikimar ɗaya ce: wanda ya kashe kuɗin ajiya zai samu kansa ranar tashi yana neman ɓarnar da zai laƙa wa ɗan haya, saboda ba shi da abin mayarwa.

Abu na ƙarshe da ya faɗa bai yi mata daɗi ba. Rufi haƙƙin mai gida ne, jinkirin gyaran nata ne, kuma duk wanda zai yi hukunci zai duba makonnin da ɗakin ya yi ba ya shiguwa. Hakan bai ba matashin damar riƙe haya da kansa ba tare da yarjejeniya ba, amma ya sa bashin nasa ba zai tsaya cif yadda ta lissafa ba.

Sulhu

A wata na goma suka zauna su biyu a ofishin lauyan, ba a tsakar gida ba, kuma ba a gayyaci yayarsa ba. Ta yafe 30 saboda yoyo da kayan da suka lalace. Ragowar 108 aka raba su wata shida, 18 kowane wata a kan hayar da aka saba. Aka rubuta sabuwar yarjejeniya da ta fayyace abubuwan da ta farko ta bari: rufi da bango da bututun ruwa da wayoyin wuta na mai gida ne, ƙananan abubuwa kamar ƙwan fitila na cikin sashe na ɗan haya ne, mai gida ba za ta shiga ba sai ta sanar da awa 24, in ba gobara ko fashewar bututu ba, duk koken gyara a aiko shi a rubuce ta waya, ƙwanƙwasa ƙofa sai ga abin gaggawa, haya ta banki za a biya, a kuma bayar da rasit. Ta sa ƙaramar mita a kowane sashe, har da nata, aka riƙa karanta su rana ɗaya a gaban kowa. Rigimar wuta ta mutu a watan farko, abin da watanni na haƙuri da kawaici suka kasa yi.

Matashin ya biya kashi huɗu daga cikin shida, sannan da wa'adinsa ya cika ya zaɓi komawa wuri mai sauƙin haya, wanda tun farko shi ya fi dacewa da samunsa. Da amincewarsa a rubuce aka cire 36 da suka rage daga kuɗin ajiya, ta mayar masa da 19 daga albashinta. Ba ta cire masa komai na ɓarna ba, domin babu hoto ko takardar da ta nuna yadda sashen yake ranar da ya shiga. Zumuncinta da abokiyar aikin bai koma yadda yake ba.

Batun dattijon

Wannan ya fi wancan wuya, ko da yake babu bashi a cikinsa. Masu ba ta shawara sun ce ta ɗaga hayarsa zuwa 55 kamar yadda kasuwa take, in ya ƙi ya tashi. Da ta zauna ta yi lissafi sai ta ga ƙarin 10 a wata zai kawo 120 a shekara, alhali idan ya tashi sashen ya yi wata biyu a rufe ta rasa 110 a sabon farashin, kafin a zo ga fenti da ladan dillali, ga kuma rashin sanin wanda zai maye gurbinsa. Mutumin da ya shekara 12 bai saɓa ranar biya ba, wanda yake gida sa'ad da take asibiti da dare, yana da wata daraja da ba ta bayyana a farashin kasuwa. Ta ƙara masa 3 kawai, ta sanar da shi wata uku kafin lokacin, ta kuma faɗa masa cewa sau ɗaya a shekara za a riƙa duba hayar.

Ƙarin bai dame shi ba kamar takardar yarjejeniyar haya da ta kawo masa ya sa wa hannu. Ya ce mata: "'Yata, tun da na shigo gidan nan ba a taɓa cewa in sa hannu a komai ba. Wani abu na yi?" Ta amsa: "Baba, ba ku yi komai ba. Idan na rasu ko gidan ya koma hannun wani, wannan takardar ce za ta faɗa masa nawa kuke biya da kuma wa'adin da dole ya ba ku." Ya nemi a bar masa ita ɗansa ya karanta, bayan mako guda ya dawo da ita da sa hannu. Ina ganin amsar tata daidai ce, kuma ba lallashi ba ne: ɗan haya marar takarda shi ne ya fi kowa shiga haɗari idan gida ya canza hannu, kuma shi da kansa ya riga ya ga an sayar da ginin yana ciki.

Abin da shekarar ta bari a takarda

Daga 1,200 da ta sa rai, abin da ya shigo hannunta a cikin wata goma sha biyun farko kusan 1,006 ne, bayan an cire watannin rufe, da abin da ta yafe, da bashin da bai gama dawowa ba. Abin da ya fita ya kai 1,465: bashin banki 1,020, rufi 150, haraji da inshora 90, injin ruwa 60, fenti 55, mitoci da lauya 50, cikon wuta 40. Maimakon rarar 180 sai ga gibin kusan 460, mafi yawansa daga albashinta.

Duk da haka kuskure ne a ce ta yi asara. Da haya take zaune a irin sashenta, da ta biya kimanin 50 a wata, wato 600 a shekara, don haka ko a wannan shekara mai wahala ta fita da sauƙin kusan 140 a kan zaman haya, kuma wani ɓangare na abin da ta biya banki ya rage uwar bashin, ko da yake a shekarun farko na bashi mai kuɗin ruwa wannan ɓangaren ƙarami ne. Abin da ya kusa kayar da ita shi ne rashin kuɗi a hannu a daidai watan da ake buƙatarsu. Jinkirin gyaran rufin daga nan ya samo asali, kuma jinkirin ne ya ba ɗan hayar hujjar riƙe kuɗi. Zamanta a ginin ma ba a banza ya tafi ba, tun da ita ta ji injin ruwa ya canza ƙara, ita ta ga yoyon a daren da ya fara, kuma ba ta biyan kowa ladan kula da gida.

A shekara ta biyu ta buɗe asusu biyu, ɗaya na hayar gida ɗaya na kuɗin ajiya da ba ta taɓawa. Wanda ya shiga babban sashen ta yi masa tambayoyin da ta yi wa duk wanda ya nema ba tare da bambanci ba: shaidar samu, da lambar mai gidan da ya baro. Ta bi ma'aunin da masu harkar suka saba da shi, cewa haya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum yake samu, suka zagaya sashen tare suna ɗaukar hoto kafin ta miƙa makulli. Wani ɗan uwanta ya nema, ta ba shi haƙuri.

Sauyin da ya fi tasiri shi ne ta fara ɗaukar kanta a matsayin 'yar haya ta uku. Hayar sama yanzu 103 ce, banki da haraji da inshora suna cin kusan 93, abin da ya rage bai kai ya riƙe tsohon gini ba. Saboda haka kowane wata tana zuba 30 daga albashinta a asusun gidan a madadin sashen da take zaune, ajiyar gyara da watannin rufe ta zama kusan 40 a wata. Maginin da ya hau rufin ya shaida mata cewa ɗaya ɓangaren ba zai wuce shekara biyu ba, kuma aikinsa zai kai 200. Ta riga ta sanar da mutanen sama watan da za a yi shi, kafin lokacin ruwa.